Shekarar da Na Daina Shuka a Gwangwani

Na ji maganar da ke yawo, kuma na san ta iso kunnenku ko da ba ku faɗa mini ba. Ana cewa wai uwarku ta zaɓi fure ta bar ɗan'uwanta, Yaya Sale ya tafi Najeriya shi kaɗai ya mutu a can, ita kuwa tana nan Jidda tana ba itace ruwa. Matar da ta fara faɗar haka ban taɓa sa ta a idona ba, ita ma ba ta san kalar fuskata ba, amma maganarta ta ƙetaro teku ta faɗo cikin wayar Najat, Najat kuwa tun tana ƙarama ba ta iya ɓoye abu a fuska ba. To ku zauna ku ji daga bakin mai ita. Ba haƙuri na zo ba kowa ba, domin na duba gaba na duba baya ban ga inda na yi laifi ba. So nake kawai ku san yadda aka yi, ke Najat da kai Majid, don gobe in ƙasa ta rufe idona kada wani ya ba ku labarina a karkace.

Dole in fara da kakanku, mahaifina, wanda ba ku sani ba sai a hoton nan guda da ya koɗe. Daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja ya taso yana saurayi da niyyar aikin hajji, rabi a ƙafa rabi a bayan mota, ya ratsa Chadi da Sudan yana aiki yana ƙara gaba, har Allah ya kawo shi. Ya sauke farali, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi aikin shekara ɗaya ya tara na komawa. A cikin shekara ɗayan nan ya auri Inna, wadda iyayenta ma irin shekara ɗayan suke yi. A cikinta aka haifi Yaya Sale, aka haife ni, a cikinta gemunsa ya yi fari, duk a unguwar Karantina ta Jidda. Har ya bar duniya akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, ɗaure da igiya, ciki akwai farar riga da sabon takalmi da tasbahohin tsaraba. Duk bayan hajji sai ya jawo shi ya buɗe, ya shanya kayan, ya mayar ya ɗaure. In Inna ta yi masa tsiya ya ce mata ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwatin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai tun ina yarinya shi ne dokarsa a kan shuka. Inna mace ce mai hannun shuka, ko tsinken tsintsiya ta soka sai ka ga kamar zai yi toho. Amma a gidanmu ba a sa komai a ƙasa. Duk abin da za a shuka sai a gwangwani: na mai, na madara, na man shanu, a huda gindinsa da ƙusa a cika shi da ƙasa. Haka ta jera su a jikin bango, raihan mai ƙamshi da na'ana'a da barkono, da wani lalle da ta fi ƙauna, wanda ya daɗe a babban gwangwanin mai bai taɓa wuce ƙugun mutum ba. Ba mu kaɗai ba ne, gidaje da yawa na mutanenmu a layin haka suke, ka shiga ka ga kore a ko'ina amma babu ko ɗaya da ya taɓa ƙasa. Sai wata shekara lallen nan ya tashi haiƙan, ganye ya yi duhu, ya miƙe har ya kai kafaɗar Inna. Baba ya tsaya yana kallonsa da safe, ya sunkuya ya kama gwangwanin zai ɗaga, gwangwani ya ƙi tasowa. Ashe gindin ya ruɓe, saiwa ta bi ta nan ta shige ƙasa. Bai yi faɗa ba. Wuƙa ya ce a miƙo masa, ya karkata gwangwanin ya yanke saiwar, ya sa bulo a ƙarƙashi.

"Mu baƙi ne," in ji shi. "Baƙo ba ya shuka a ƙasar mutane. Wanda ya sa itace a ƙasa ya gama cewa ba zai koma ba."

Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ni ce na yi kuka, kuma har yau in na tuna sai in ji zafin a ƙirjina. A Karantina aka yanke mini cibi, ban san wata ƙasa ba, amma ana gaya mini ko lalle ba shi da izinin zama.

Ranar da ciwon ajali ya kama Baba, ya kira mu mu biyu ya haɗa hannayenmu a kan ƙirjinsa. Ya ce wa Yaya shi ne babba, ranar da hanya ta buɗe mu koma gida, kuma kada ɗaya ya tafi ya bar ɗaya. Yaya ya ce to. Ni ma na ce to, ba na musun wannan, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahaifinsa yana numfashin ƙarshe ya san ba wurin gardama ba ne. Daga nan rayuwa ta yi ta tafiya. Na auri ubanku, shi kuma Allah ya sa nasa iyayen sun samu takardar ƙasa tun da wuri, don haka ku 'yan ƙasa ne, ni kuma iƙamata, takardar izinin zamana, ba ta taɓa samun matsala ba. Na yi sana'ar ƙunshi, babu amaryar layinmu da ban zana wa ƙafa ba. Yaya ya yi aikin ɗaukar kaya a wani sito a Madinar Masana'antu har bayansa ya gaza. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, Inna ta bi, ubanku ma ya bi. Sai ya zama ni da Yaya muka rage a gidan Baba, shi da akwati a ƙarƙashin gado, ni da gwangwanayen Inna a jikin bango. Kun san kawunku, mutum ne mai sanyi, mai tsokana, bai taɓa cin abu bai rage mini ba. Ina ƙaunarsa, kuma ba na jin kunyar rubuta haka.

Sai shekarar rusau ta zo. Kun gani da idonku, ba sai na ja ba. Aka wayi gari an yi jan rubutu a bangonmu cewa a tashi, aka yanke wuta, katafila tana cin layin gaba muna jin ƙararta muna ɗaure kaya. Mutanen da muka yi shekara da shekaru muna karɓar gishiri a hannun juna suka watse kamar an jefa dutse cikin tsaki, wasu Makka, wasu arewacin gari, wasu ban san inda suka faɗa ba har yau. Majid ya samo mana haya a unguwar Waziriyya, ya kawo motar kaya. Ana loda gwangwanaye Yaya ya dube ni yana murmushi, ya ce in ga hikimar Baba, da a ƙasa suke da yanzu katafila ce za ta gaje su. A lokacin maganarsa ta yi mini kama da gaskiya. Aka zo kan lallen Inna, ƙarti biyu suka kama, ya ƙi motsi. Suka ƙara ƙarfi, sai muka ji ƙas. Bulon da Baba ya sa tuni ya tsage, saiwa ta ratsa ta tsakiyarsa, kaurinta ya kai hannuna. Duk shekarun nan da muke cewa lalle yana gwangwani, shi ya daɗe da yanke shawararsa bai gaya wa kowa ba. Muka kai shi Waziriyya a haka, na yi masa duk dabarar da na sani, bai yi sati biyu ba ya bushe.

Gidan Waziriyya kun san shi, hawa na ƙasa, da ɗan tsakar gida a baya da aka shafe da tayil, wanda in ka shimfiɗa tabarma biyu ya cika. Babu laifinsa, akwai ruwa akwai wuta. Amma watannin farko na sha wuya. In na leƙa waje babu mai ce mini sannu da Hausa, babu ƙamshin daddawa daga gidan kowa, babu wadda za ta turo ƙofa ba sallama ta zauna ta cinye mini rana da surutu. Yaya kuwa sai ya koma zama a bakin gado da waya a kunne. Ya samo lambar jikokin ƙanin Baba a ƙauye, suna ta yi masa marhabin, suna cewa ga ɗaki ga gona, gida gidansa ne. Wata rana bayan la'asar ya kira ni ya ce hanya ta buɗe. Gidan da ya riƙe mu ya tafi, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, bayan salla zai yi fita ta ƙarshe ya tafi ƙauye, ni ma in fara shiri. Ku kun girma kun yi aure, in ji shi, ba ku bukatar goyo. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Gaskiya ba tunani nake ba, neman bakin da zan faɗa masa nake, domin a gidanmu ƙanwa ba ta kallon idon wanta ta ce a'a.

A cikin kwanakin nan ne na faɗa wa shagon shuka a waya. Ba nemansa na yi ba. Ina duba yadda ake tayar da lallen da ya bushe, sai waya ta yi ta jefo mini hotunan furanni daga wani mashtal, wato gidan rainon shuka, can kan duwatsu wajen Ɗa'ifa. Ka zaɓa, ka biya ta waya, su aiko maka har ƙofar gida. Na yi ta ja da yatsa ina kallo kamar yarinya a kantin alewa. Najat ta zo ta same ni a kai, ta karɓi wayar ta nuna mini cewa kayansu kashi biyu ne. Akwai na kaka ɗaya, su yi fure da wuri su yi kyau, zafi na zuwa su mutu. Akwai kuma waɗanda suke kira mu'ammara, masu daɗewa, waɗanda sai an yi haƙuri da su, amma in sun kama wuri shekara da shekaru suna nan, wani ma ya binne wanda ya shuka shi. Najat, ke kika ce in ɗauki na kaka ɗaya, tunda ba a san yadda maganar Khali, wato kawunki, za ta ƙare ba. Ba ki yi laifi ba, hankali kika yi. Amma da kika faɗi haka sai na ji muryar Baba a bakinki, na ga an sake miƙo wuƙa.

"Ba ni masu daɗewar," na ce. "Kuma ki duba mini wanda aka rubuta ba ya son tukunya."

Na zaɓi wardi, da fulla saboda ƙamshinta da yamma, da jahannamiyya mai hawa bango. Wardin Ɗa'ifa na fara nunawa saboda sunansa, sai mai mashtal ɗin ya turo saƙon murya, ya ce ya khala, wato uwata, wannan ɗan sanyi ne, a zafin Jidda zai yi ganye amma ba za ki ga fure ba, ga wani irin da ke jure rana. Na ji daɗin mutumin, na bi shawararsa. Aka zo wurin adireshi. A Karantina ba mu da wannan, in za ka kwatanta gidanmu sai ka ce bayan mai gasa burodi, ka karya hagu wurin tankin ruwa, ka tambayi gidan mai ƙunshi. Ban taɓa karɓar kaya da sunana a jiki ba, komai da sunan Baba yake zuwa, ko na ubanku, ko na Majid. Ranar nan na sa aka rubuta Saudatu, aka rubuta lambar gida da sunan titi, na danna da yatsana.

Bayan 'yan kwanaki mai kawo saƙo ya buga waya yana tambayar Saudatu, na fita da kaina na karɓa. Kwali ne dogo mai huji a gefe. Na buɗe a tsakar gida Yaya yana zaune a kan kujera yana shan shayi. Fulla da jahannamiyya sun zo da 'yan ganyensu a baƙar leda, sun ɗan yi laushi amma da ransu. Wardin kuwa, wanda saboda shi na yi komai, da na warware takarda sai ga 'yan sanduna gajeru, babu ganye ko ɗaya, an datse kawunansu, sai ƙaya, gindinsu a naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Yaya ya leƙo ya gani, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Saude, an sayar miki da asuwaki," in ji shi. "Asuwakin ma mai ƙaya. Miƙo ɗaya in gwada."

Ni ma na yi dariya, domin abin da dariya. Na kira mai mashtal ina shirin zazzaga masa, ya ce haka ake aiko wardi a lokacin sanyi, barci yake ba mutuwa ba, in kankare bawon da farce in gani. Na kankara, ciki kore shar. Ya ce in jiƙa saiwar a bokiti ta kwana, in haƙa rami mai zurfi, in haɗa ƙasa da taki. Yaya yana jin duk wannan, har ya tashi ya shiga ɗaki ya fito mini da babban gwangwanin da lallen Inna ya mutu a ciki, ya ce ga wuri ya samu, a wanke a sa. Da zuciya ɗaya ya yi. Na karɓa na ajiye a gefe na ce masa na gode.

Washegari da safe na hau sama wurin mai gidan, wani dattijo mutumin Hadramaut da ba ya son dogon zance. Na ce ina so in cire tayil a tsakar gida in yi shuka. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in cire, amma ranar da zan tashi in mayar masa da abinsa yadda na same shi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba tashi zan yi ba. Na ari guduma a wurinsa na sauko. Ban jira Majid ba, domin na san zai ce in bari sai Juma'a, Juma'a kuma ta zama wata Juma'ar. Na ɗaure ɗankwali, na durƙusa a jikin bango inda ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga, na ɗaga guduma na sauke. Ƙarar ce ta fito da Yaya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tayil ɗin da ya tsage, yana kallon bokitin da sandunan ke ciki, yana kallon gwangwanin da ke gefe babu kowa a cikinsa. Wani da ba ɗan gidanmu ba zai ga tsohuwa ce kawai take gyaran wurin fure. Shi kuwa a gidan Baba ya tashi, ya karanta abin da na rubuta da gudumar nan tun kafin in ɗago kai.

"Saude, a ƙasa?"

"A ƙasa, Yaya."

"Kin tuna hannunki a kan ƙirjin wa yake ranar da kika ce to?"

"Na tuna. Cewa ya yi mu koma gida. Kai ka nuna mini inda na baro, yalla, mu je, in bi ka yanzu. Inna tana kwance a garin nan, uban 'ya'yana yana kwance a garin nan, shi kansa Baban a nan yake. Kuma ya ce kada ɗaya ya tafi ya bar ɗaya. Ni ina nan inda ka san ni. Wa zai tafi?"

Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce halas, shi ke nan, ya juya ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Hawaye na zuba a kan tayil, amma ban ajiye gudumar ba. Ƙarƙashin tayil siminti ne, ƙarƙashin siminti yashi da ɓaraguzai, na yi ta tona da ƙarfe da kwano har azahar. Da Majid ya zo da yamma ya tarar da ramuka, ya koma mota ya je ya sayo buhunan ƙasa da taki. Kai Majid ban taɓa gode maka a kan wannan ba, to ga shi na rubuta.

Daga ranar har ya tafi, Yaya bai sake tsokanata ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Muna gaisawa, ina kai masa abinci yana ci, muka yi azumi tare muna buɗa baki a faranti ɗaya, amma ba ya leƙa tsakar gida. Na roƙe shi ya zauna. Na ce ɗakinsa nasa ne har abada, Majid ya ce zai nema masa hanyar gyara takardunsa, Najat ta yi kuka a gabansa da Larabci da gurguwar Hausarta. Ya ce shi ya ɗauki alkawari kuma shi ne babba. Ku shaida ne, ba a kore shi ba, ba a gaji da shi ba. Ranar tafiya ya jawo akwatin Baba, ya sa aka naɗe shi da leda a filin jirgi. Kafin mu fita daga gida na gan shi ya tsaya wurin gwangwanin raihan na Inna yana murza busassun kawunansa a tafin hannu, ya zuba irin a takarda ya sa a aljihu. A filin jirgi ya dafa kaina kamar yadda yake yi muna yara, ya ce in riƙa shan maganin hawan jinina. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Zafin shekarar ya zo kamar da gayya. Sanda ɗaya ta baƙe ta mutu tun kafin babbar salla. Sauran suka yi toho ja, suka yi ganye, rana ta ƙone gefensu. Na ɗaura tsohon zanina daga taga zuwa bango na yi musu inuwa. Ruwan tanki yana da gishiri-gishiri, ganye ya fara rawaya, sai na koma tara ruwan da ke ɗiga daga mukayyif a bokiti, shi nake ba su da asuba da bayan magariba. Maƙwabciyata ta sama, wata 'yar Indonesiya da da ko gaisawa ba ma yi, ta ga ina fama ta fara sauko mini da nata bokitin. Ta haka na yi ƙawa ta farko a Waziriyya. Yaya kuwa in na kira sai ya ce lafiya lau, mutanen kirki ne, ana kula da shi. Ban ƙaryata ba, mutanen kirki ne. Amma ina jin muryarsa. Ya taɓa kuskurewa ya ce yara suna dariyar Hausarsa, suna kiransa Balarabe, kuma tuwon dawa ya ƙi zama masa a ciki, yana marmarin fulu da tamis, wake da gurasar da ake karya kumallo da su a nan. A Jidda an kira shi baƙo shekara saba'in, ya je can ma aka ɗora daga inda aka tsaya.

Da sanyi ya dawo, wata safiya na fito da bokiti na ga kai guda ya buɗe. Ƙarami ne, bai kai na hoton waya ba ko kusa, ja mai duhu, amma ƙamshinsa ya cika ɗan tsakar gidan nan. Na zauna a ƙasa a gabansa kamar wadda aka yi wa baƙo. Na yi ta juya waya a hannu ina shawara, ƙarshe na ɗauki hoto na tura wa Yaya ban rubuta komai ba. Har la'asar shiru. Sai ga saƙon murya ya shigo, na ji ya yi gyaran murya, na ji 'yar dariyar nan tasa da na yi kewa.

"Ashe asuwakin ya yi fure," in ji shi. "Inna ta so ta ga wannan."

Saƙon yana nan a wayata, duk mai so ya zo ya ji. Bayansa mun koma hira kamar da, yana tambayata fulla ta kai ina, ina tambayarsa bayansa. Bai ce in zo ba, ban ce ya dawo ba, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Damina ta biyu da ya yi a can zazzaɓi ya kama shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ban wanke shi da addu'a a kusa ba, ban ga makararsa ba, ban san kalar ƙasar da aka rufe shi da ita ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ina biyansa kullum in na zuba shayi na ga kofi ɗaya ne. Kada wani ya ce muku uwarku ba ta ji ba.

Wanda ya yi jinyarsa, Malam Adamu, jikan ƙanin Baba, shi ya kira ni ta'aziyya. Mutum ne mai natsuwa, ya ba ni labarin kwanakinsa na ƙarshe dalla-dalla. Ya ce akwatin ƙarfen nan a ƙarƙashin gado suka same shi, a ɗaure, ko ledar filin jirgi ba a cire ba. Sannan ya ce akwai wani abu da ya ba su mamaki, ko ni zan gane. Wai tun zuwansa ya nemi gwangwanin madara, ya huda gindinsa da ƙusa, ya shuka wani ganye mai ƙamshi ya ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ganyen ya yi kyau har wuri ya yi masa kaɗan. Suka ce Alhaji ga fili har bayan gari, ga damina, kawo a juye maka shi a ƙasa ya sake. Ya hana. Da suka matsa, sai ya sa bulo a ƙarƙashin gwangwanin, ya ce musu su bar shi haka, shi baƙo ne, zai koma gida.

Malam Adamu ya ce sun ɗauka zafin ciwo ne, tunda ga shi a gida. Na ce masa Allah ya saka da alheri, na kashe waya, na fita tsakar gida na zauna har aka kira magariba.

To kun ji. Wadda ta ce na zaɓi fure ku gaishe ta, ku ce na yafe mata, ba ta san gwangwani ba. Yanzu jahannamiyya ta haura bango tana leƙa titi, fulla tana ba ni abin da nake sa wa jikokina a gashi, wardin ya yi kauri har sai da na ƙara cire tayil. Ban san abin da gobe za ta kawo ba. Gidan haya ne, mai shi tsoho ne, kuma na ga jan rubutu a bango sau ɗaya, na san ana iya sake yi. In hakan ta faru, ko ina raye ko ba na nan, ga tawa wasiyyar, kuma ba sai kun sa hannu a ƙirjina ba. Ku kwashe tukwane da katifu da hoton Baba. Wardin nan kuwa kada wanda ya zo masa da gwangwani. Ku ba shi ruwa ya ƙoshi, ku ja ƙofa, ku bar shi a ƙasa.